Zubar Jini a Ƙwaƙwalwar Jariri Saboda Ciwon Gado

A cikin jinin ɗan Adam akwai wasu sinadarai da ke sa shi daskarewa idan jijiya ta fashe, waɗanda masana suka ba wa lambobi domin tantancewa. Akwai jariran da ake haifa da ƙarancin ɗaya daga cikinsu, kuma mafi yaɗuwa shi ne ƙarancin sinadari na 8, wanda ake kira hemofiliya, da ke samun kimanin namiji 1 cikin 5,000. Ƙarancin na 9 ma hemofiliya ne, amma bai kai shi yawa ba. Ta wajen uwa ɗa namiji yake gadon ciwon, alhali sau da yawa ita ba ta da wata alama, shi ya sa likita ke tambayar labarin kawunnan jariri kafin baffanninsa.

Haɗarin ya fi tsanani a lokacin haihuwa, domin kan jariri yana shan matsi, musamman idan naƙuda ta yi tsawo ko aka jawo shi da na'urar zuƙo. Jijiyar da ta tsage, wadda a jariri mai lafiya za ta toshe da kanta, sai ta ci gaba da tsiyaya a cikin ƙoƙon kai har jinin ya danne ƙwaƙwalwa. Alamominsa su ne kumburin maɗiga, ƙin kama nono, amai, yawan barci, ɗashewar fata da jijjiga, waɗanda abin takaici akan ɗora wa iska ko maita har lokaci ya ƙure.

Ƙarancin sinadari na 13 ya fi wuyar samu, kuma sai an gaje shi daga uwa da uba duka, don haka ya fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita. Ya fi hemofiliya jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa, gwajin daskarewar jini na yau da kullum ba ya gano shi, kuma sau da yawa cibiyar da ta ƙi daina jini ce ke fara tona shi.

Matar da aka san ciwon a danginta ya kamata ta haihu a babban asibiti, inda za a gwada jinin cibiya, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ta maɗiga idan an yi zargi, a kuma ba jariri sinadarin da ya rasa ta jijiya. Cire beli, tsaga da kaciya kuwa, wajibi ne wanzami ya dakata da su sai sakamakon gwaji ya fito.