Bayan Ruwa Ya Janye: Yadda Ake Ceto Waya, Talabijin da Kayan Sola a Birnin Kudu da Gwaram

Watan Agusta ne ya fi zuwa da ruwa mai ɓarna a kudancin Jigawa. A 2021 ruwa ya karya gadar Radabi da ke kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, a 2022 kuma Jigawa na cikin jihohin da ambaliya ta fi yi wa illa a Najeriya. Labaran irin wannan lokaci na rayuka ne da gidaje da gonaki, kuma haka ya dace. Amma bayan ruwa ya janye, magidanci a Birnin Kudu ko Gwaram yakan shiga ɗakinsa ya tarar da wata asarar da ba ta shiga lissafin kowa ba: wayar da lambobin abokan cinikinsa ke ciki, talabijin da dikoda, inbata da batirin sola da ya daɗe yana tara kuɗinsu, duk sun sha taɓo.

Da yawa daga cikin waɗannan kaya ba su mutu ba a lokacin da aka tsamo su. Ɗokin mai su ne ke ƙarasa su. Ya goge da tsumma, ya shanya awa biyu, ya jona wuta wai don ya ga ko tana yi. Wannan gwajin ne ke ƙona ta.

Abin da ruwan ambaliya ke bari a ciki

Ruwa mai tsabta zalla ba ya ɗaukar lantarki sosai. Ruwan ambaliya kuwa ya ratso gonakin da aka zuba wa takin zamani, ya bi ta kwata da masai, ya kwaso laka da gishirin ƙasa. Idan ya shiga na'ura sai ya kwanta a kan allon da ke ɗauke da ƙananan kayan lantarkin, wanda masu gyara ke kira fanel. Layukan tagullar da ke jikin fanel ɗin waya siriri ne, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashi biyu ba a wasu wuraren. Ɗigon ruwa mai gishiri ɗaya ya isa ya haɗa biyu daga cikinsu, wuta ta bi hanyar da ba tata ba.

Ɓarna ta biyu a hankali take zuwa. Ko ruwan ya bushe, gishirin da lakar suna nan. Suna jawo danshi daga iska, kuma muddin akwai batir a jone, tagullar tana ci gaba da cinyewa har ta yi kore-kore ko fari-fari. Shi ya sa ake samun wayar da ta kunnu lafiya ranar da aka tsamo ta, bayan mako biyu ta mutu ba dalili. Busarwa kawai ba ta isa ba, sai an wanke dattin.

A fara da raba komai da wuta

Kada wanda yake tsaye a jiƙaƙƙen daɓe ya taɓa soket ko babban makunnin gida. Wutar KEDCO takan dawo ba sallama, kuma bolt 230 a ɗaki mai danshi kisa take yi. Idan makunnin yana wuri busasshe a kashe shi, idan shi ma ya sha ruwa a kira mai aikin wuta.

Gidan da ke da sola yana da wani haɗarin na daban, don faifan da ke kan rufi ba ya sanin an yi ambaliya: da rana ta fito zai fara turo wuta. A fara cire wayoyin faifan daga na'urar da ke daidaita caji, sannan a cire batir. Talabijin kuma, ko an zare ta daga bango, akwai kafasita a sashen wutarta da ke iya riƙe sama da bolt 300 na wani lokaci. Tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ta fi haka haɗari nesa ba kusa ba, buɗe ta aikin mai gyara ne kaɗai.

Wankewa, ba shinkafa ba

Maganar binne waya a cikin shinkafa ta yaɗu har ta zama kamar doka. Kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone da kada su yi haka, saboda ɓurɓushin shinkafar na iya shiga ya lalata wayar. Ko ba wannan, shinkafa ba ta fitar da laka daga ƙarƙashin fanel. Illarta babba ita ce kwana biyun da mutum zai ɓata yana jira, batir na jone, tsatsa na aikinta.

Abin da ake buƙata yana samuwa a kasuwar gari. Ruwan batir, wato tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota ko na sola, ba shi da gishiri, don haka shi ya fi dacewa da ɗauraye fanel. A tabbatar tataccen ne, ba mai asid ba, domin a shago ɗaya ake sayar da su kuma robobin kan yi kama. Bayan an cire batir an buɗe na'urar, a ɗauraye lakar da shi, a bi da buroshin goge haƙora mai laushi. Daga nan sai a wanke da sifirit irin na masu gyaran waya, mai ƙarfin kashi 90 cikin ɗari ko fiye, wanda ke korar ragowar ruwan ya kuma bushe da wuri. Fetur da kananzir ba su da gurbi a nan, suna cin roba kuma suna barin maiƙo. Gilashin waya, kyamara da lasifika ba a jiƙa su da sifirit.

Shanya ita ce ke gwada haƙuri. Da lokacin hunturu ne, da iskar Jigawa ta gama aikin cikin yini. A tsakiyar damina iskar kanta jiƙe take. A ajiye kayan a buɗe, a inuwa mai iska, in da hali a sa musu fanka, a ba su kwana uku zuwa mako guda. Taransifoma da duk abin da ke da naɗaɗɗiyar waya, kamar na cikin inbata da sitabilaiza, sun fi komai riƙe ruwa. Kada a kai komai kusa da murhu, kada kuma a bar batir ko gilashi a rana tsaka.

Fumfuna

Kayan da suka kwana a jiƙe a rufaffen ɗaki sukan fara fumfuna cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ba ƙarfe take ci ba, ƙurar da ta taru a ciki take ci, da takardar lasifika, da yadin da ke gaban rediyo, da katakon akwatin sifika. A fito da kayan waje kafin a goge, a rufe hanci da baki, a nisanta yara da mai asma daga wurin. Roba da ƙarfe suna gogewa da sifirit. Katakon matsattsen gari da ya kumbura kuwa ba ya komawa daidai, gara a cire kayan cikinsa a yi musu sabon akwati wajen kafinta.

Kowace na'ura da nata hali

Waya: a kashe ta nan take, a zare layi da memori. Waɗannan biyun sukan tsira ko wayar ta tafi, kuma ga ɗan kasuwa sau da yawa su ne dukiyar. Yawancin wayoyin yanzu batirinsu manne yake a ciki, don haka a kai wa mai gyara a ranar ya cire shi, ba bayan mako ba. Alamar IP67 da ake tallar wasu wayoyi da ita tana nufin sun jure zurfin mita 1 na minti 30 a ruwa mai tsabta, lokacin suna sababbi. Ba ta ce komai ba game da kwana a cikin taɓo.

Batirin litiyam, na waya ne, na fawa-banki ko babba na sola, idan ya nutse ba abin amincewa ba ne. Yana iya kumbura ko ya kama wuta bayan kwanaki. A ajiye shi waje a kan ƙasa ko siminti, nesa da zana, kara da rumbu. Batirin sola mai ruwa, idan ambaliya ta shiga ta murafensa, asid ɗinsa ya gurɓata, sai mai batir ya duba shi.

Firji ya fi yadda ake zato juriya, saboda kwamfiresa a rufe take ruf. Ƙananan kayan wutar da ke gefenta ne ke lalacewa, kuma sauya su ba shi da tsada idan aka kwatanta da sabon firji. Matsalar ita ce soson da ke cikin bangonsa: idan ya sha ruwan kwata, wari da raunin sanyi sukan zauna. Janareta kuma kada a ja igiyarsa. A cire fulogi, a juye fetur, a wanke kafireta, a duba baƙin mai. Idan ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, sai an canza shi, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

Caja, soket mai baki da yawa da makunnin bango da suka nutse, a zubar da su. Kuɗinsu bai kai na gobarar da za su iya jawowa ba.

Ranar gwaji

Mai gyaran da ya san aikinsa ba ya jona talabijin ko inbata kai tsaye. Yakan fara aunawa da mita, sannan ya sa ƙwan fitila irin na da mai zare a kan layin da wuta za ta bi kafin ta shiga na'urar. Idan ƙwan ya haska ya dushe, da alama lafiya. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ke haɗuwa a ciki, kuma ƙwan ne ya tare ta maimakon fanel ya ƙone. Wanda zai kai kaya gyara, a Birnin Kudu ne, a Dutse ko a Farm Centre a Kano, ya gaya wa mai gyaran gaskiya: awa nawa suka yi a ruwa, kuma an gwada kunna su ko ba a gwada ba. Ɓoye wannan ba ya rage kuɗin gyara, sai dai ya sa a jona wuta a inda ya kamata a fara da wanki.