Darasi: Gasar Harbi da Ƙaramar Bindiga

Mu nan Nasarawan Doya, bindigar da muka saba gani ita ce adakar maharba da ta 'yan bindigar Sarki a hawan sallar Zazzau. A wasu ƙasashe kuwa harbi wasa ne mai alƙali da maki. Ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a Amurka a 1976, ita ke kula da nau'in da ɗan wasa ke harbin alluna yana sauya wuri, agogo na ƙirga masa lokaci.

Ga inda masu son lissafi za su ji daɗi. Tsakiyar allo maki 5 ne, kuma ana raba jimillar maki da daƙiƙoƙin da aka ɓata. Mai maki 50 a daƙiƙa 10 ya tashi da 5. Mai 55 a daƙiƙa 12 ko 4.6 bai kai ba, ya sha kaye ke nan duk da ya fi saiti.

Sabon shiga ba da sauri yake farawa ba, sai ya ƙware a ƙa'ida tukuna. In yana tafiya, yatsa ba ya kan kunama; bakin bindiga ba ya juyowa wajen jama'a. Wanda ya saɓa, korarsa ake yi daga gasar ɗungurungum, ko shi ne kan gaba.

A kula: Dokar Makamai ta 1959 ta hana riƙe libarba a Najeriya sai da lasisin shugaban ƙasa. Ɗalibin da harbi ya burge, hanyarsa ita ce Daffon Soja na Zariya ko NDA ta Kaduna, bayan ya ci jarrabawa.