Darasin Kimiyya: Yadda Ake Cire Sitiyarin Tsohuwar Mota

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ɗalibi zai iya bayyana abin da ke riƙe sitiyari a kan sandarsa, ya lissafa yadda ƙaramin ƙarfin hannu ke rinjayar babban riƙo, sannan ya jera matakan cire sitiyari ba tare da ɓarna ko rauni ba.

Gabatarwa

Ɗalibai, motocin da muke nufi su ne waɗanda aka ƙera kafin jakar iska ta shiga tsakiyar sitiyari, irin su Peugeot 504 da ta fito a Faransa a 1968, wadda kuma aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975. Makaniki kan cire sitiyarin irin waɗannan motoci idan hon ya daina kuka, ko makunnin sigina ya lalace, ko sitiyarin ya tsage. Abin da ke ba sabon yaron gareji mamaki shi ne, noti ɗaya ne tal a tsakiya, amma sai ya kwance shi, ya ja sitiyari, ya ji kamar an yi masa walda. Dalilin wannan shi ne zuciyar darasinmu.

Kashi na ɗaya: me ke riƙe sitiyari?

A mafi yawan tsofaffin motoci, abubuwa uku ne ke aiki a kan sandar sitiyari. Na farko ƙananan haƙora ne da aka tsaga a jikin sandar, masu shiga cikin 'yan'uwansu na ramin sitiyari. Su ne ke sa sandar ta juya idan direba ya juya hannu. Na biyu shi ne notin tsakiya. Na uku, wanda ido ba ya saurin lura da shi, shi ne wani sashe na sandar da aka fiƙe: siriri daga sama, yana ƙara kauri zuwa ƙasa.

Ku tuna yadda maƙeri ke dasa ruwan gatari a ƙota. Wutsiyar ƙarfen siririya ce, tana ƙara kauri, kuma duk saran da aka yi ƙara cusa ta yake yi. Haka noti ke tura sitiyari kan fiƙaƙƙen sashen nan, ƙarfe ya matse ƙarfe. Da yake gangaren kaɗan ne ƙwarai, gogayyar da ke tsakanin fuskokin biyu ta fi ƙarfin da ke neman tofo sitiyarin waje, don haka ko an cire noti riƙon yana nan. Idan shekaru suka ja, tsatsa ta shiga tsakani. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, sai ta cike 'yar kafar da ta rage.

Kashi na biyu: dalilin hana guduma

Da yawa sukan ɗauki guduma su daki kan sandar. Wannan yana tauye tiredin da noti ke bi, amma akwai abin da ya fi haka muni. Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara ƙera sandar sitiyari mai lotsawa, wadda ke gajarcewa idan an yi karo don kada ta soki ƙirjin direba. Kamfanin General Motors ya sa ta a motocinsa na 1967, Amurka kuma ta wajabta irin wannan kariya daga 1968. A wasu motocin, ƙananan ƙusoshin roba ne ke riƙe sassan sandar biyu, kuma an yi su ne don su karye idan duka ya yi yawa. Guduma na iya karya su a gareji, a miƙa wa mai mota makullinsa bai san garkuwar ƙirjinsa ta raunana ba. Ran mutum ke kan wannan sanda, ɗalibai, kada ku taɓa ɗaukar aikin da wasa.

Kashi na uku: yadda fula ke aiki

Maimakon guduma, fula ake amfani da ita. Fula wani ƙarfe ne mai kwanciya a saman sitiyari, da ƙusoshi biyu masu tiredi da ake ɗaurawa a ramukan cibiyar sitiyarin, da wata babbar ƙusa a tsakiya mai tokare kan sanda. Idan aka murɗa ta tsakiya, tana tura sanda ƙasa, su kuma biyun suna jan sitiyari sama da ƙarfi daidai da wancan. Wannan ita ce doka ta uku ta Isaac Newton, wadda ya wallafa a 1687. Turi da ja suna ƙarewa a wuri guda, babu abin da ya kai ga sauran sandar.

Bari mu lissafa. A ce tsawon sifana santimita 25 ne. A zagaye ɗaya hannu zai yi tafiyar 2 × 3.14 × 25, wato santimita 157, ko milimita 1,570. A ce ƙusar tana nutsewa milimita 1.5 a kowane zagaye. Raba 1,570 da 1.5, ka sami fiye da 1,000. Ko da gogayya ta cinye kashi 9 cikin 10, saura ninki 100. Hannun da ya danna da ƙarfin nauyin kilo 10 ya zama jan tan guda. Ka biya da doguwar tafiyar hannu, ka sayi ƙarfi.

Kashi na huɗu: matakan aiki

1. Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyin gaba su miƙe sak.
2. Cire wayar batir mai alamar ragi tukuna. Jikin mota a haɗe yake da ita, shi ya sa ko sifana ta taɓa jiki babu tartsatsi.
3. Ɓalle murfin hon, ka zare wayarsa a hankali.
4. Ja layi da fenti daga kan sanda zuwa cibiyar sitiyari. Haƙori ɗaya aka kuskure wajen mayarwa, sitiyari zai karkace alhali mota tana tafiya miƙe.
5. Sa wani ya riƙe sitiyari, ka sassauta noti. Kada ka dogara da makullin sitiyari, harshensa na iya karyewa.
6. Bar notin a kan sanda da zagaye biyu ko uku. Ƙarfin da ake bukata a fara motsa abu ya fi wanda ake bukata a ci gaba da motsa shi, don haka riƙon yakan saki ne farat ɗaya da ƙara, kas! Notin ne zai tare sitiyarin kafin ya sami haɓarka.
7. Ɗiga man sassauta tsatsa, ka jira ya ratsa, ka ɗaura fula, ka murɗa sannu a hankali.
8. Wajen mayarwa, goge tsatsa, daidaita layin fenti, ka ɗaure noti gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

Gargaɗi: motar da ke da jakar iska tana da ƙa'idojinta daban, domin akwai sinadarin da ke tashi nan take a cikin sitiyarinta. A bar ta ga ƙwararre.

Auna fahimta

1. Me ya sa sitiyari ke ƙin fita bayan an kwance noti?
2. Idan tsawon sifana santimita 20 ne, ƙusa kuma tana nutsewa milimita 2 a zagaye, ninki nawa za a samu kafin a cire rabon gogayya?
3. Faɗi ɓarna biyu da guduma ke jawowa.

Aikin gida: je garejin unguwarku, ka gaida maigidan wurin, ka roƙi ya nuna maka tsohuwar sandar sitiyari. Zana ta, ka nuna tiredi da haƙora da fiƙaƙƙen sashe, ka kawo zanen a darasi na gaba.