Yadda mai sutudiyo zai sallami wanda ba ya son yi wa aiki

Tambaya: Malam, ina da ɗan sutudiyon ɗaukar waƙa a Gadarif da ke Sudan. Wasu na zuwa su cinye mini wuni ba su biya ba, wasu kuma waƙar da suke kawowa ce ba ta kwanta mini. Yawancinsu 'yan unguwa ne ko dangi, kunya ta hana ni cewa a'a. Yaya zan yi?

Ɗan'uwa, mutum iri biyu ka haɗa a tambayarka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko mai wahalarwa ne kawai. Na biyu zai iya jawo maka abin da ya fi asarar kuɗi.

Mai wahalarwa ba korarsa ake yi ba, sharaɗi ake gindaya masa, sharaɗin ne zai tace maka shi. Ka rubuta ƙa'idojinka da Hausa da Larabci ka manna a bakin ƙofa: rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko kafin waƙa ta fita daga kwamfutarka, gyara sau biyu kyauta, na uku da kuɗinsa, ɗan rakiya kada ya wuce ɗaya. Wanda ya ce babu tsabar kuɗi a hannunsa, ya tura ta manhajar banki ta Bankak, ka ga shigarsu kafin ka tayar da janareta. Wanda ya ce ka jira kaka, sai an sayar da riɗi da dawa, ka ce masa madalla, za ka ajiye masa rana bayan kaka. Mai da ka ƙona yau ba zai jira kakar kowa ba. Kuma kada ka tura wa kowa waƙa ta WhatsApp wai ya ɗan saurara kafin ya cika kuɗi. Ya zo ya ji a sutudiyo, domin da zarar ta shiga wayarsa ta gama zama taka.

Amfanin takardar nan shi ne ta ɗauke maka nauyin baki. Idan ɗan baffanka ya zo, kana iya nuna masa ita ka ce, "Yaya, dokar gidan ce, kowa a kanta yake." Amma ranar da ka karya ta saboda mutum ɗaya, washegari unguwa ta ji.

Na biyun shi ya fi damuna. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, Gadarif ta cika da baƙi daga kowace kusurwa ta Sudan, kowa da raunin da yake ɗauke da shi a zuciya. Mu ma Hausawa ba mu manta da rikicin Blue Nile na Yulin 2022 ba, da yadda zafinsa ya kai har Kasala. A irin wannan yanayi wani zai zo maka da waƙar zambo ga wata ƙabila, ko habaici ga wani gida, ko zuga matasa da sunan kishin dangi. Waƙa ta fi jawabi saurin tafiya, yara ma haddace ta suke yi. In ta tayar da ƙura, mawaƙi zai iya barin gari cikin dare, kai kuwa ga ɗakinka ga kayanka, kuma galibi sunan sutudiyonka ne ake fara ji a bakin waƙar. Ko babu wannan tsoro, bai dace hannunka ya shiga abin da zai raba maƙwabta ba.

Don haka kada ka kunna makirufo sai ka ji baitocin. Ka ce ya karanta maka su, ko ya rera a zaune, ba kiɗa. Idan ka ji abin da ba ka yarda da shi ba, nan take za ka faɗa, tun ba ka karɓi ko sisi ba. Ƙin aiki bayan an karɓi kuɗi shi ke haifar da rigima.

Yadda za ka faɗa ma yana da muhimmanci. Ka ja shi gefe, kada ka tsinka shi gaban 'yan amshinsa. Ka ba shi wurin zama da shayi, sannan ka ce, "Ɗan'uwa, muryarka na da kyau, amma irin wannan waƙa ba na ɗauka, ko ta waye. Kawo mini ta biki ko ta bege, gobe mu fara." Kada ka fake da cewa na'ura ta lalace ko layi ya cika, zai dawo jibi, kuma ranar da ya gane ƙarya ka yi masa, gabar ta fi ta farko. Kada kuma ka ninka farashi don ya gudu, mai ɗaukar nauyin irin wannan waƙa sau da yawa yana da kuɗin biya. In ya fara barazana, ka daina jayayya, ka sanar da dattawan unguwa tun da wuri.

Ka kuma yi magana da sauran masu sutudiyo na garin ku tsayar da matsaya ɗaya a kan waƙoƙin zuga. Ku fara wannan zama tun makon nan, kada ku jira sai wata waƙa ta fita.