Bomo, Basawa ko Dogon Bauchi? Ga Yadda Za Ki Gane Makarantar da Ke Aiki

’Yar’uwa, idan kika tambayi maƙwabta wace sakandaren gwamnati ce ta fi ƙoƙari, kowa wadda ɗansa yake ciki zai yaba. Ki saka mayafinki gobe da safe, ki je ki gane wa idonki.

1. Zaɓi uku kacal, waɗanda kuɗin Keke Napep ɗinsu ba zai gagare ki ba. A ɓangaren Samaru akwai ta Bomo da ta Basawa da ta ’yan mata ta Samaru. A Sabon Gari akwai ta ’yan mata ta Dogon Bauchi. Kada ki auna su da Demonstration ta ABU, wannan ta jami’a ce, kuma biya ake yi.

2. Nemi malamin da ke kula da jarrabawa, ki gaishe shi da kyau, ki roƙi sakamakon WAEC da NECO na shekara uku. Shekara ɗaya tana iya zama sa’a. Tambaya biyu ce: yara nawa suka zauna, nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi? Kiredit daga A1 ne zuwa C6. Idan aka ce “duk sun ci”, ki tambaya ko an haɗa da D7 da E8, don waɗannan ba sa kai yaro ABU.

3. Nan ne ake yawan ruɗar iyaye. Sakamako yakan yi kyau a takarda alhali amsa aka rubuta wa yara a allo. Don haka ki tambayi makin JAMB na waɗannan yaran, tunda a kwamfuta ake yin ta. Yaro mai A1 a Lissafi ya tashi da 140 a JAMB? Akwai lauje cikin naɗi. Ki kuma ji ko an taɓa riƙe sakamakon makarantar.

4. Koma ranar Talata da ƙarfe takwas, ba tare da kin sanar ba. Aji nawa ne ba malami? Karɓi littafin Lissafin wani ɗan SS1 ki buɗe. Jan biro kike nema, da kwanan watan gyara na ƙarshe. Ni wannan na fi yarda da shi a kan komai. A 2017 malaman firamare 21,780 cikin kusan 33,000 suka faɗi gwajin da gwamnatin Kaduna ta yi musu, kin ga ke nan yara da yawa da rauni suke shiga sakandare, sai malami mai duba aikinsu ne zai ɗago su.

5. Idan likitanci ɗiyarki ke so, tambayi wa ke koyar da Fizik da Kemistiri. Malami ne na dindindin, ko ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara?

6. Rubuta amsoshin a takarda ɗaya, kowace makaranta da layinta. Da dare ki zauna da maigida da ɗanki ko ɗiyarki ku yanke shawara, kafin a rufe ɗaukar ɗalibai.