Filin Shawara: Gita uku a zaure, ko ɗaya ba ta kammalu ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni matar aure ce a Galmi, cikin ƙaramar hukumar Dogarawa, shekararmu takwas da aure, ƴaƴanmu uku. Maigidana manomin albasa ne, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon dare. Sai dai shekara biyu ke nan da ya mai da zauren gidanmu shagon kafinta, wai gita yake haɗawa. Ta farko ta tsage da hunturu, ta biyu wuyanta ya lanƙwashe, ta uku ga ta can jingine ko tsirkiya babu. Da an sallame isha'i sai ƙarar zarto, garin katako har bakin randa. Bana da aka sayar da albasa ya tafi Konni ya sayo gam da katako, bai gaya mini ko nawa ya kashe ba. A gidan suna mata har sun fara ce mini matar makaɗi, surukata kuma ta ce ni ce na ƙyale shi. Shekaranjiya saura ƙiris in hura wuta da tsagaggiyar. Yaya zan yi?

Uwargida, daga Galmi

Wa alaikumus salam ɗiyata. Da farko dai na gode Allah da ba ki sa ta a murhu ba. Tuwon da aka tuƙa da wannan itacen da ya daɗe yana yi muku ɗaci a gida.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ga abu uku ne ke damunki, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Mafi sauƙi shi ne bakin mata. Mai sassaƙa gita daban, makaɗi daban, kamar yadda mai ɗinka sirdi ba lalle ya zama mahayi ba. Ko da ma kaɗawa yake yi, ƙasar nan ba yau ta saba ganin mutum ya haɗa abin kiɗansa da hannunsa ba. Gurmi da ƙwarya da fata ake yinsa, haka goge. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya. In suka sake ce miki matar makaɗi, ki yi murmushi ki ce mijinki yana gida bayan isha'i. Da yawa cikinsu ba za su iya faɗar haka ba.

Na biyu shi ne kuɗi, kuma a nan gaskiyarki ce. Kuɗin albasa sau ɗaya yake shigowa da kauri a shekara, shi ne hatsi, shi ne magani, shi ne irin baɗi da man injin ban-ruwa. Namiji yana da damar kashe wani abu a kan abin da ransa ke so, amma ɓoye adadin shi ke haifar da zargi. Kada ki tare shi yana riƙe da zarto, kada kuma a gaban yara ko mahaifiyarsa. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce masa: “Maigida, ina so mu ware abin da za a riƙa sa wa aikin nan duk kakar albasa, in ya ƙare a jira wata.” Ko jika biyar ce ko goma, ku yanke tare, bayan an cire na abinci da na makarantar yara.

Na uku, wanda nake jin shi ne ya fi ƙona miki rai ko da ba ki faɗa ba, shekara biyu kina sharar gari ba ki taɓa jin sautin komai ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku. Ki roƙe shi ya zaɓi ɗaya ya kammala kafin ya taɓa sabon katako. Ki kuma kai masa wannan labari daga gare ni: mai yiwuwa gitarsa ta farko ta tsage ne saboda da damina ya manne ta. Katako yana shan laima ya kumbura, iskar hunturu ta zo ta tsotse shi ya tsuke, gam kuwa ya riƙe gefe, sai tsakiya ta buɗe. A ƙasa irin tamu da rani ake manne akwatin gita, da katakon da ya shekara a inuwa. In kika faɗa masa haka zai gane ba gaba kike yi da aikinsa ba.

Batun zarto da dare, ku sa lokaci, ya kuma rataya tabarma a ƙofar zaure saboda garin katako ba ya yi wa ƙirjin yara kyau. Surukarki kuwa ki bar shi da ita. Ɗanta ne, shi ya san bakin da zai yi mata magana.

*

Gwaggo ina wuni. Shekarata 19, ina koyon gyaran babur a Malbaza. Na haɗa gita da katakon tsohuwar ƙofa da wayar burkin keke. Tana ƙara, amma in na danna tsirkiya can ƙasan wuya sai sautin ya kauce, abokaina suna ta dariya. Wuyan ma ya fara tasowa. A ɗakin abokina nake ɓoye ta don Baba malami ne, in ya gani ban san abin da zai faru ba. In ci gaba ko in bari?

Ɗanki, daga Malbaza

Lafiya lau ɗana. Wayar burkin keke da ka ambata ta tuna mini da Mdou Moctar, ɗan jihar nan tamu ta Tawa. Shi ma da katako da wayar keke ya haɗa gitarsa ta farko, iyayensa kuma ba su so ba. Yau yana kiɗa a Amurka da Turai. Ban kawo shi don in ce ka ajiye sifana ba. Masu irin sa'arsa ƴan kaɗan ne, gyaran babur kuwa kullum da cinikinsa a kan titin Konni zuwa Madawa.

Kaucewar sauti matsalar awo ce. Ƙarafan nan da ake jerawa a wuyan gita ba da ido ake sa su ba. Ka auna tsawon tsirkiya daga inda ta tashi a kan wuya zuwa jakin da ta hau a kan akwati. A gita mai tsirkiyar nailan yawanci santimita 65 ne. Ka raba da 17.8, abin da ya fito, wato kusan santimita 3.65, nan ne ƙarfe na farko. Ka cire wannan daga 65, ka sake raba ragowar da 17.8, ka sami na biyu, haka har ƙasa. In lissafinka ya yi daidai, ƙarfe na 12 zai faɗa tsakiyar tsirkiya cif, a santimita 32.5. In bai faɗa nan ba, ka sake awo kafin ka sa zarto.

Tasowar wuya kuma ƙarfin waya ne. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 70, fiye da buhun siminti na garinku, shi ya sa masana'antu ke sa sandar ƙarfe a cikinsa. Ka koma nailan, ko zaren fatsa mai kauri daban-daban, ka nemi busasshen maɗaci wajen kafintoci ka yi wuyan da shi. Kada ka sari ɗanyen itace a daji, zai lanƙwashe, ga kuma ma'aikatan gandun daji.

Saura maganar Baba, wadda ta fi duk waɗannan. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, ni kuma ba malama ba ce, ba zan yanke maka hukunci a kan mahaifinka ba. Abin da na sani, a gari kamar Malbaza ɓoyo ba ya daɗewa, kuma jin labari a bakin wani ya fi ganin gitar ciwo. Ka sami kawunka ko wani aminin Baba da yake jin maganarsa, ku je tare, ka durƙusa ka faɗi gaskiya, ka nuna masa sallarka da aikinka ba su ragu ba. In ya yarda, ka kiyaye sharaɗin da ya sa. In ya ce a'a, ka ajiye ta ba tare da gardama ba. Hannun da ya iya awo da sassaƙa ba zai manta ba, albarkar uba kuwa ba a sayenta a kasuwa. Ka je ka same shi cikin makon nan, Allah ya yi maka albarka.