Likitan da ya wuce ta gulbinmu

Idan kun tsaya bisa gadar Gaya kuka dubi ruwa, za ku ga yana gangarawa wajen Najeriya. Mu nan mun san haka tun kaka da kakanni. Amma Turawa sun daɗe suna gardama a kan wannan gulbi da muke kira Isa ko Kwara. Ba su san inda ya nufa ba, ba su san inda ya ƙare ba. Cikin waɗanda aka aiko su gano, akwai wani likita mai suna Mungo Park.

An haife shi a ƙasar Sikotilan cikin 1771. Ya koyi aikin likita a birnin Edimbara. Da ya gama, ya sami aiki cikin wani babban jirgin ruwa, yana duba matuƙa marasa lafiya, har suka kai tsibirin Sumatara cikin 1793.

Cikin 1795 ya sauka a Gambiya, ya nufo gabas. Ba shi da soja ko ɗaya. Ya sha wuya ƙwarai: an tsare shi wata da watanni, an ƙwace kayansa, ya kwana da yunwa. Cikin watan Yuli 1796 ya iso Segu, ya ga gulbin da idonsa yana tafiya gabas. Daren da ya rasa masauki, wata mata ce da ta taso daga gona ta gan shi ƙarƙashin itace. Ta kai shi gidanta, ta gasa masa kifi, ta shimfiɗa masa tabarma. Da irin wannan alheri na talakawa ya koma gida da ransa.

Cikin 1805 gwamnatin Ingila ta sake aiko shi. Wannan karo ya zo da Turawa fiye da 40, yawancinsu sojoji. Sun yi lattin tashi, damina ta cim masu a hanya. Zazzaɓi da gudawa suka dinga kashe su ɗaya bayan ɗaya. Ga likita a tsakaninsu, amma bai iya yin kome ba, don a zamanin nan ba wanda ya san sauro ne ke kawo zazzaɓi. Da suka kai bakin gulbi, saura 11 kawai.

A garin Sansandin ya haɗa tsofaffin jirage biyu, ya yi guda ɗaya mai tsawon mita 12, ya sa masa suna Joliba. Cikin watan Nuwamba suka tashi. Turawa saura 5, sai bayi 3 da tafinta, Amadi Fatuma.

To, a nan ne halinsa ya sake. Al'adar gulbi ita ce baƙo ya tsaya, ya gai da sarki, ya biya kuɗin wucewa. Park ya ƙi tsayawa, don tsoro ya kama shi. Duk kwalekwalen da ya matso, sai su buɗe masa wuta. Sun kashe mutane da yawa wajen Tumbutu. Bayan kusan shekara 50, da Bature Barth ya bi ta can, ya tarar tsofaffi ba su manta da wannan jirgi ba. Haka suka wuce Gawo, suka wuce ta gaban inda Gaya take, har suka kai Yawuri cikin farkon 1806. Nan tafinta ya sauka, don aikinsa ya ƙare.

Lokacin nan ƙasa tana cikin yaƙi. Jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo ya fara cikin 1804, an ci Birnin Kabi cikin 1805. Kowa yana tsoron baƙo mai bindiga.

A Busa gulbi ya matse, ga duwatsu cikin ruwa. Jirgin ya maƙale. Mutane suka taru a bakin gaɓa da kibau da masu, aka yi ta faɗa. Da abin ya fi ƙarfinsu, Park da sauran Turawan suka faɗa ruwa, suka nitse. Yana da shekara 34.

Me ya kawo faɗan? Amadi Fatuma ya ce Park ya ba da gaisuwa a kai wa Sarkin Yawuri, wanda aka ba ya ɓoye ta, sarki ya yi fushi ya tura mayaƙa. Wasu kuma suka ce mutanen Busa sun zaci masu jihadi ne suka iso.

Sai cikin 1830 wasu ƴan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka tashi daga Busa suka bi ruwan har teku. Tsohon garin Busa kuwa ruwa ya rufe shi cikin 1968, da aka gina madatsar Kainji.

Tambayoyi

1. Wa ya taimaki Park a Segu?
2. Don me sojojinsa suka mutu a hanya?
3. Ku tambayi wani tsohon masunci sunayen garuruwan bakin gulbi daga Gaya zuwa Yawuri, ku rubuta su.